Buɗa-bakin Injiniya Bala

Jama'a, yau na ga buɗa-bakin da ban taɓa gani ba!

Kun san Injiniya Bala na unguwar Ain Khaled ya kai iyalinsa hutun ƙarshen shekara can tsibirin ƙanƙara na arewacin duniya. Yara kallon fitilun biki ya kai su. Shi kuwa ramuwar azumi, don ya ji yininsu guntu ne.

Ɗazu ina zaɓen tumatir a kasuwar Abu Hamour, sai ga kiransa ta bidiyo. Baki cike da dabino!

Ya ce, "Malam, alhamdu lillahi! Na yi Asuba, na ɗan kishingiɗa, na farka har duhu ya yi. Ko ƙishirwa ban ji ba!"

Na ce, "Masha Allah. To wane haske ne a tagar bayanka?"

Ya ce, "Fitilun bikinsu ne."

Sai ga muryar Hajiya, matarsa, daga ciki: "Baban Amira, zo ka ga ikon Allah! Sai yanzu rana ke fitowa!"

Dabino ya tsaya masa a kumatu. Ya ce, "Malam, yanzu ya ke nan?"

Na ce, "Haɗiye abinka, Injiniya. Gobe sai ka rama ramuwar."