Baba Mai Kunne, Wanda Ba Ya Duba Mota da Zafinta

Shekara arba'in da biyu ke nan, kafin rana ta ɗaga Baba Mai Kunne ya buɗe garejinsa, ya share, ya jera sifanu a kan tsohon buhu, kowanne a mazauninsa. Sai ya zauna a wata kujerar mota da aka cire aka jingine da bango, yana jiran masu son ya duba musu mota ta hannu kafin su saya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Mu kuwa da muka daɗe da saninsa muka ce ba zai tafi shiru ba.

Shi ba irin makanikan nan ba ne masu aiki da ka, a cire wannan a sa wancan, motar tana nan da ciwonta. Kai, waɗannan sun ishe mu! Baba yakan ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Daga nan ya samo sunan. Sannan ya kwance fulogai ya karanta su ɗaya bayan ɗaya: wanda ya yi baƙi ƙirin, motar na shan mai, wanda ya jiƙe da baƙin mai, inji ya gaji. Dokarsa ɗaya ce, ba ya duba mota sai ta kwana ba a tayar da ita ba, don inji in ya ɗauki zafi yakan ɓoye cutarsa.

Wannan dokar ce ta kusa raba shi da 'yarsa. Wata malamar makaranta ta zo masa, tana neman motar da za ta riƙa kai mahaifiyarta asibiti, tsohuwar ba ta iya hawa motar haya. Ta ce ta ga wata a hannun wani dillali. Da suka isa da safe, sai ga shi dillalin surukin Baba ne, mijin babbar 'yarsa. Ya durƙusa ya gaida shi. Baba ya amsa, ya ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ya ji ɗumi.

"Wa ya tayar da ita?"

"Wanke ta na yi, Baba, na ɗan matsar da ita."

Baba ya nemi benci ya zauna har inji ya huce sarai. Da aka murza makulli sai ta yi ta tari, salansa na fitar da farin hayaƙi. Ya buɗe murfin baƙin mai, ya ga abin ya koma kamar shayi da madara. Ruwa na shiga inji.

Surukin ya ja shi gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah Baba, ka rufa mini asiri. Ka ce sabis kawai take so."

Waɗanda suke wurin sun ce abin ya yi wa Baba nauyi ƙwarai. Sannan ya juya wajen malamar ya ce, "'Yata, kada ki saya. Za ta ajiye ki a hanya da marar lafiya."

Kwana biyu sai ga 'yarsa a gareji, idanu jajur. "Haba Baba! A gaban mutane? Yanzu da wane ido zan dubi mijina?"

Ya ce, "Zauna. Da ke ce za ki saya, ni ne kwance a kujerar baya, me za ki so makaniki ya gaya miki?"

Ta tashi ta tafi. Wata huɗu ba a kawo masa jikoki ba. Ya rame, wallahi mun gani, amma bai aika da ban haƙuri ba. A cikin na biyar, wata yamma, surukin ya tsayar da wata mota a bakin garejin, yara biyu na leƙowa ta taga. Ya miƙa makulli da hannu biyu ya ce, "Ta kwana a nan, Baba. Abin da ka ce gobe, shi zan gaya wa mai saye."

Kai ne, Baba, ka zaɓi fushin gidanka a kan ka cuci baƙuwar da ba ta san bambancin fulogi da ƙusa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu riƙe da sifana, ku duba da kyau: duk wanda ya kawo muku mota, akwai wani nasa da zai ɗauka a ciki, kuma da maganarku zai hau hanya.