Mai Guga Ya Manta Tabarau

Na san Mai Guga ne a shekarar da gidan tarihi ya fara buɗewa da yamma ranar Alhamis. Lokacin ina sabon malami, kuma na ƙi jinin cunkoso. Da rana wurin ba ya shiguwa: 'yan makaranta a layi, baƙi da kyamara, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Da yamma kuwa daga ni sai mai gadi sai ƙarar takalmina.

Ran nan ina gaban akwatin gilashin da ake ajiye tsofaffin riguna, sai wani gajeren mutum ya tsaya kusa da ni. Rigarsa ta sha guga har karin hannunta ya isa ya yanke yatsa, ga biro a aljihun gaba. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu.

"Malam, na manta tabarau a gida. Me suka rubuta a katin nan?"

A makarantar mishan an koya mana karatu a tsaye, ƙirji a buɗe, a ja numfashi a waƙafi, a tsaya cik a aya. Haka na karanta masa. Ya saurara, hannu a baya, sannan ya ce, "Madalla. Amma wanda ya ninke rigar nan bai san aikinsa ba."

Alhamis ta gaba ya sake mantawa. Ya yi ta mantawa har na yi aure, na haihu, na zama hedimasta, na yi ritaya. Ban taɓa ganin mutumin da mantuwarsa ba ta saɓa alkawari ba sai shi.

Shagonsa na bayan tashar mota: tebur, tsohon bargo, dutsen guga na gawayi, da butar yayyafi. Ba ya rubuta sunan kowa. Zare mai launi yake ɗinkawa a cikin wuyan riga, kuma bai taɓa ba wani wandon wani ba. Masu kawo kaya sun ɗauka gayu ne. Biron nan kuwa aikinsa fito da kusurwar kwala da sosa kunne. Da dutsen gugar nan ya sa 'ya'yansa duka a makaranta, ya kuma duba sakamakon kowannensu a juye ko a daidai, ya ce a ƙara ƙoƙari.

Ni don in huta da mutane nake zuwa da yamma. Shi don kada a ji ana masa karatu. In wani ya shigo zauren muna tsaka da kati, sai ya yi gyaran murya ya ce da ƙarfi, "Ai na karanta, Malam, gwada ka nake yi." Ni kuma in ce, "Na ci ko na faɗi?" Ya ce, "Ba laifi." Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai maganar ba ta taɓa wuce nan a tsakaninmu ba.

Bayan ritayata yanar ido ta rufe mini gani. Likita ya yi nasa, Allah ya yi nasa. Na shige ɗaki na zauna. Rabin garin nan ɗalibaina ne, kuma ban ga yadda hedimasta zai bi titi ana jan sa kamar akuya ba. 'Yata ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haƙura.

Wata Alhamis da la'asar na ji muryarsa a ƙofa.

'Yata ta ce, "Kawu, Baba ya ce ba ya nan."

"To ki gaya wa wanda ba ya nan ga rigarsa na goge. In ya bari ta huce, ba ruwana."

Na ce daga ciki, "Mai Guga, me zan je in gani?"

"Da can ma me kake gani? Kati kake karantawa. Tashi, babu kowa a wurin sai mai gadi, shi ma sabo ne, bai san ka ba."

Na sa rigar da ɗuminta. Bai riƙe mini hannu ba. Ya ɗora tafina a kafaɗarsa, kamar ni nake ba shi shawara, muka bi ta bayan layi.

Zauren na nan yadda na san shi: sanyi, ƙamshin man goge daɓe, amon takalmi. Muka tsaya. Na ji ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya fara karanta katin riguna. Ya numfasa a waƙafi, ya tsaya cik a aya. Da ya kai tsakiya ya yi tsaki ya ce, "Nan sun bar harafi ɗaya, abin kunya," daidai inda na saba yin nawa tsakin.

Mai gadi ya matso. "Baba, ai an canja katin nan tuni. Layi biyu ne kawai yanzu."

Mai Guga ya ce, "Ɗana, ƙofa aka ba ka ko kati?"

Takun mai gadi ya koma ƙofa. Muka wuce tukwane, muka wuce tsofaffin makullai, bai tsallake ko ɗaya ba. A wajen agogon bango ma sai da ya yi tarin da nakan yi.

Da muka fito na ce, "Tabarau fa?"

Ya ce, "Yau na tuna da shi."

Hannuna na kafaɗarsa, tazarar taƙi ɗaya da fuskarsa. Na bar hannun inda yake, ban laluba ba.