Shatin Yatsu a Cikin Akushi

Har yau idan na gama cin tuwo sai na karkata kwanon wajen haske na duba cikinsa kafin in bari a ɗauke. Matata ta gaji da tambayata abin da nake nema, 'ya'yana kuma sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ni na san inda na kwaso wannan hali. A ɗakin girkin kakata na kwaso shi, a ƙauyenmu da ke kudu da Tudun Wada kan hanyar Doguwa, a wata damina da nake ɗan shekara tara.

Iya muke ce mata. Gajeruwa ce, ga faɗa ga ban dariya. Sunana Habu, amma ita ba ta kirana sai da "maigida", irin wasan kaka da jika, kullum tana yi mini gorin ko ƙwayar gishiri ban taɓa kawo mata ba. Idan marka ta kama a yankinmu ruwa kwana yake yi ya wuni, dandali ya zama taɓo, don haka da an idar da magariba sai mu jikoki mu cusa kai ɗakin girkinta mu kewaye murhu. Tana gasa mana masara tana tatsuniya, hayaƙin ɗanyen itace yana sa mu hawaye, kwaɗi suna ta kuka a bayan gida. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, na makwaɗaita da masu wayon banza. Guda ɗaya ce ba ta dariya ba, kuma saboda ni ta yi ta.

Akwai wani mutum da ke kwana a kasuwarmu, wadda ke ci mako-mako, a rumfar 'yan tumatir ta can ƙarshe. Ba wanda ya san garinsu. An ce daga wata motar kaya ya sauko wata rana, motar ta wuce, shi bai wuce ba. Ba ya roƙo, ba ya zagi, ba ya rabuwa da wani tsohon buhu a kafaɗa, shi ya sa gari ya sa masa Mai Buhu. Shekara da shekaru Iya ce ke kai masa tuwo da kanta kowace yamma, a cikin wani baƙin akushi da ta ware masa. Da gwiwoyinta suka ƙi, sai ta ɗora mini aikin, da sharaɗi.

"Ka yi sallama, ka tsuguna, ka sa masa a hannu. Kada ka tashi sai ka ji ya yi bisimilla. Ka ji ko, maigida?"

Na ce na ji. Na kuma yi hakan kamar mako biyu, har ranar da manyan yara suka rantse mini cewa kawunan yara ne a cikin buhun nan. Daga ranar na sauya tsari. Sai in lallaɓa in ajiye akushin a bakin rumfa, jikin turke, in zuba da gudu ko waiwaye babu. Da safe in biya in ɗauko, ba kowa a ciki sai iska. Iya ta tambaye ni, "Ya ci?" In ce, "Ya ci." Ni a ganina ban ma yi ƙarya ba, tunda ga akushi nan babu komai.

A yammar da nake ba da labari, ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba. Na dawo daga kai tuwon a jiƙe, da akushin jiya a hannuna, don ranar ban samu ɗauko shi da safe ba, a wani akushin aka zuba na ranar. Kullum matar kawuna ke karɓa ta haɗa da wanke-wanke, amma ranar Iya ce a bakin ƙofa, ita ta karɓa. Ta kai shi kusa da wuta, ta karkata, ta daɗe tana kallo. Ta shafa cikinsa da ɗan yatsa. Ba ta tambaye ni ko ya ci ba. Sai ta aika a gaya wa Kawu Sale, ƙanen babana, ya zo da tocila da zarar ya fito daga masallaci, ta ɗora ruwan kunu a wuta, ta zauna. Ba ta ɗauko masara ba.

"Ga wata nan," ta ce, "amma wanda ya zo dariya ya koma ɗakin uwarsa."

Ba wanda ya motsa.

Ta ce an yi wani gari mai ganuwa, mutanensa suna alfahari da cewa ba a kwana da yunwa a ƙasarsu. A bayan ganuwar akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, a cikin kogon wani bawan Allah yake kwana, ba gida ba dangi. Da can yakan shigo gari a ba shi abinci, a gaisa. Sai mutane suka fara cewa yana wari, yana tsorata yara, yana ɓata musu ƙofar gida. Ba su son a ce sun kore shi, ba su kuma son ganinsa. Sai suka yi shawara: akwai wata kafa a gindin ganuwa inda ruwa ke fita, kowace yamma gida ɗaya zai zuba tuwo a akushi, a tura ta kafar da doguwar gora, da safe a jawo.

Haka aka yi. Kullum akushi ya dawo fes. Mutanen gari suka ce alhamdu lillahi, mun fita haƙƙinsa. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce ita akushin nan ya cika ƙyalli, a leƙa a gani. Aka ce tsufa ne.

Iya ta gyara itace, wutar ta haska fuskarta daga ƙasa. Ba ni take kallo ba, amma ni na san inda maganar ta dosa.

Ta ce aka yi wata, aka yi biyu. Masu tura akushi suka fara jin numfashi daga ɗaya gefen, mai nauyi, kusa da kafar. Suka ce jira yake yi, yunwa ce. Aka ƙara malmala. Sai aka lura kafar tana faɗi, kullum ana samun sabuwar ƙasa a bakinta kamar ana tono daga waje. Suka ce tuwonmu ya karɓe shi, ƙarfi ya yi. Wani ya ce a yi masa sallama mana a ji muryarsa, sauran suka ce a'a, kada ya ɗauka gayyatarsa ake yi ya dawo ciki.

"Rannan," in ji Iya, ta rage murya har sai da muka matso, "gorar ta karye. Matar da girkin ya faɗo a kanta ta ce wa ɗanta, kai ɗan tura da hannu mana, ai kusa ne."

Ƙanwata ta riƙe mini riga.

Iya ba ta faɗi abin da ya faru da yaron ba, ta bar mu muka ƙarasa da kanmu. Ta ce da gari ya waye maza suka fita da kwari da baka, karo na farko a cikin watanni da wani ya zaga bayan ganuwa. Suka tarar da sawun kura ya yi hanya tun daga daji har bakin kafar, hanya ta daddaɓe kamar ta zuwa rijiya. Suka je kogon kuka. Mutumin yana nan, ƙasusuwa ne kawai, har ciyawa ta tsiro a tsakanin haƙarƙarinsa. Ya daɗe da mutuwa. Duk watannin nan kura suke kiwo, da hannunsu suka koya mata hanyar gida.

Wani daga cikinmu ya ce, "Iya, yaushe ya mutu?"

"Wa ya sani? Ai ba wanda ya leƙa."

Muka jira ta rufe tatsuniyar yadda ta saba, da kan ɓera da tafi, ba ta rufe ba. Ta sauke ruwan, ta dama kunu, ta juye a ƙwarya. Sannan ta ɗauko akushin Mai Buhu ta miƙo mini.

"Habu, duba nan."

Ban taɓa jin ta kira sunana ba sai ranar.

"Mutum idan ya ci tuwo da hannu, ko yunwar shekara yake ji, sai ya bar shatin yatsu a jikin kwano, miya ta bushe a kai. Wannan harshe ne ya wanke shi. Kwana nawa rabon da ka ga fuskarsa?"

Na fashe da kuka. Na ce ban sani ba, na ce yara ne suka ce, na ce buhun. Ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ni ma da laifina, da na bar wa wasu duba kwanon. Tashi ka ɗauki ƙwaryar."

Kawu Sale ya zo da tocila, ya ce ta zauna shi zai je. Ta ce ko da rarrafe sai ta je. Muka fita cikin yayyafi, ta dafa kafaɗarsa, ni ina gaba da kunu, taɓo yana cire mini takalmi. Kasuwar da ba ranar cinta ba wuri ne mai ban tsoro, rumfuna a jere ba kowa. Da hasken ya faɗa rumfar ƙarshe sai idanu suka ƙyalla, karnuka uku a kan akushin da na ajiye ɗazu, faifan da aka rufe shi da shi yana can cikin taɓo. Ba su ma gudu ba sai da Kawu ya jefe su, sun riga sun saba da wurin. Ɗaya ya koma gefe ya zauna yana kallon cikin rumfar.

Mai Buhu yana kwance a lungu, ya yi matashi da buhunsa, jikinsa yana rawa. Tsakanin hannunsa da inda nake ajiye akushin bai fi taku huɗu ba.

Iya ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta ce, "Salamu alaikum, Malam Yakubu. Ni ce."

Ashe yana da suna. Ta ɗaga kansa ta ba shi kunu da ludayi, kaɗan-kaɗan. Da ya ɗan samu murya ta ce masa, "Ka yafe mana, mun bar ka." Ya juyo da idonsa ya same ni a bayan Kawu, ya faɗi wata magana da zan zo kanta.

Kawu ya goyo shi zuwa zaurenmu. Aka kira mai duba marasa lafiya, ya ce zazzaɓi ne ya ci ƙarfinsa, ga yunwa. Kwana biyu ya yi, a rana ta uku da hantsi ya cika. Da aka buɗe buhun nan, tsofaffin riguna biyu ne a ciki, da buta, da wani ɗan takalmin yarinya ƙafa ɗaya. Ba wanda ya ce ni na kashe shi. Iya ta ce kwanansa ne ya ƙare, na kuma yarda da haka. Amma kwana ukun nan na ruwa da ya yi a rumfa yana kallon karnuka suna cin tuwonsa, wannan nawa ne.

Na girma, na zama malamin gona, Iya ta rasu. Wata shekara aka tura mu ƙasar Tailan koyon noman shinkafa. Wata yamma a kusa da masaukinmu na ga mutane sun zo da manyan tukwane ƙarƙashin wata gada inda marasa gida ke kwana. Tafintanmu ya ce mabiya addinin Buddha ne, 'yan sa kai, daga wurin aiki suke biyowa. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda suke bayarwa. Kowa sai ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, ya zauna har mutumin ya fara ci. Na ga wata mata ta taɓa goshin wani tsoho, ta kira 'yar'uwarta su duba shi. Tafintan ya ce a wurinsu tausayi abu ne da ake koyo da yi, kuma ba ka fara ba sai ka tsaya ka ga wahalar mutum da idonka. Addininsu daban, nawa daban, amma na tsaya a bakin titin nan hawaye yana zubo mini, ina tuna tsohuwar da ko Kano sau biyu ta taɓa zuwa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne halin da nake ciki a lokacin. Kowace Juma'a matata takan dafa shinkafa a zuba a robobi, in ba mai adaidaita ya kai wa masu kwana a ƙarƙashin gada a Kano, ni ina zaune a falo ina jin na yi abin kirki. Roba ba ta dawowa balle a duba cikinta. Ashe gora na sake samu, wadda ta fi ta mutanen ganuwa tsawo.

Yanzu da kaina nake zuwa. Ina sallama, ina tsugunawa, ina tambayar suna, ba na tashi sai na ji bisimilla. Wani lokaci warin yakan dame ni, wani lokaci ina sauri, zuciyata takan ce ajiye ka wuce. Duk sanda ta ce haka sai in ji muryar Malam Yakubu a rumfar nan, da abin da ya ce wa Iya yana kallona, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa:

"Kada ki yi masa faɗa, yaron kirki ne. Kullum sai ya kawo. Ina jin tafiyarsa."