Lallen da Na Sa wa Yayata a Ɗakin Inaya

Ko zan manta da komai, ba zan manta ranar da na kusa jawo a yanke wa yayata yatsun ƙafa ba. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni.

Kafin yaƙi ne. Ciwon ƙirji ya kama Yaya bayan haihuwa, daga Mai Wurno aka kai ta Sinnar, daga can Khartum. Huhunta ya gaza, sai aka sa ta a ɗakin masu tsananin ciwo da suke ce wa inaya, aka haɗa ta da wata na'ura mai jan jininta ta cinya, ta sa masa iska, ta mayar. Ni ce na yi sakandare, don haka ni ke shiga, in fito in yi wa Inna bayani.

Ran da aka bar Inna ta leƙa, ba na'urar ce ta tsorata ta ba, ƙafafun Yaya ne, fari fat. A wurinmu matar aure ba ta zama ba lalle sai mai takaba. Inna ta ce wannan mugun fata ne, ba ta yarda ɗiyarta ta kwanta haka ba.

Washegari na shiga da baƙin lalle mai kamawa nan da nan, a ƙulle cikin gefen tobina, wato mayafin da muke naɗawa. Na shafa mahalabiyya, man ƙamshin da ke sa lalle ya kama, na sa wa yatsun ƙafar dama lallen, ina mata hirar jaririnta ko da ba ta ji. Na goge ke nan zan koma hagu aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Na ja zane na rufe, na fito ina jin na yi abin kirki.

Bayan azahar wani matashin likita ya kira ni, fuska ba walwala. Ya ce akwai ƙananan ƙwayoyi a jini masu daskarar da shi in an ji rauni. Na'urar tana tsokanarsu su dunƙule, shi ya sa ake ba Yaya maganin tsinka jini. Yanzu ƙwayoyin suna raguwa, ga kuma yatsun ƙafa ɗaya sun yi baƙi, alamar gudan jini ya toshe hanya. Za su sauya magani, tana iya zubar da jini, kuma an kira likitan tiyata ya duba ko yatsun za su tsira.

In na faɗa, za a hana ni shiga; in na yi shiru, Yaya ce za ta ji a jikinta. Sai kawai na miƙa masa babban yatsana, baƙi wuluk.

Wata dattijuwar sista ta ɗaga zanen, ta sunkuya ta sansana.

“Mahalabiyya,” ta ce. “Ya bitti, 'yata, wa ya koya miki lallen ƙafa ɗaya?”

Ta matsa ƙafar ta ji ɗumi, likita ya sa ɗan abin sauraro ya ji jini yana gudu. Sai dariya ta ƙwace mini. Na zauna a ƙasa ina yi har da hawaye, sista tana tsawata mini kafaɗunta na rawa. Da na ba Inna labari, ta yi salati, sannan ta ce, “To ita hagun haka za a bar ta?”

Kwana uku aka hana ni shiga, kuma na cancanta. Yaya ta tashi da yatsunta goma, in muka yi faɗa sai kawai ta miƙo mini ƙafar dama.

Na koyi cewa jikin marar lafiya takarda ce da likita ke karantawa, ko don ƙauna ba a rubutu a kai. In kuma ka riga ka yi, faɗi tun kafin a ɗauko wuƙa.