Kwamfutar da waƙar Mama ta tasa

Jama'a, yau Mama ta tayar da matacciyar kwamfuta a gabana!

Jiya Danladi mai gyara ya zo shagona na buga takardu, nan bakin tashar jirgi, ya sa wa kwamfutar sabon tsari. Ya ce in ta yi wani abu, kar in danna komai sai ya zo.

Yau Mama ta kawo waƙoƙin zumuntar matan cocinmu, a buga kafin taronsu na gobe. Na kusa gamawa, muka ɗan tsaya hira. Ina waigowa, allo ya yi baƙi ƙirin! Ga wuta kuwa, fanka na juyawa. Na duba waya, na duba soket, shiru. Aikin ko adanawa ban yi ba!

Mama ta ce, "Matsa, Bitrus." Ta ɗaga waƙar yabo, tana buga tebur kamar yadda take buga tulu a coci. Allo ya haska! Waƙoƙi na nan cif!

Can ya sake mutuwa. Ta sake bugawa, ya sake tashi!

Na ruga na kira Danladi. Ya yi ta dariya har da hawaye. Wai sabon tsarin barci yake in an bar shi, bugun teburin ne ke motsa maus ya farka.

Mama ta gyara ɗankwali. "Ashe barci ne? To ta fi ka, Bitrus. Ita waƙa ɗaya ta ishe ta. Kai duk mawaƙan coci sun kasa tashe ka ran Lahadi."