Ƙarfen Jirgin Yaƙi a Kan Awarata

Ni dai abin da na gani a teburin Malam wani gutsuren ƙarfe ne naɗe cikin farin ƙyalle. Na ɗaga na ji nauyi, na ce yau na samu abin danne awara. Tun zuwanmu Bukit Jalil, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, da galan ɗin ruwa nake dannewa, ba ta taɓa tsanewa yadda nake so ba.

Malam, wato maigidana, digiri na uku yake yi a kan ƙarfen ƙera jiragen yaƙi na ruwa. Wani kamfani ke neman kwangilar sayar wa sojoji irin wannan ƙarfe, aka kawo samfuri a gwada ko zai jure gishirin teku. Kowane gutsure da lambarsa, kuma Malam ya sa hannu cewa ba zai fitar da ko ɗaya daga ɗakin gwaji ba. Ranar Juma'a na'urar da ke hana danshi a ɗakin ta lalace, ya ji tsoron tsatsa, ya sako nasa a jaka. Bai gaya mini ba. Shi a ganinsa ban da tukunya me na sani?

Da safiyar Asabar ya tafi unguwar Kampung Baru, ni kuwa na ɗora ƙarfen a kan awarata. Da la'asar na ɗaga, sai na ga ruwan tsami ya ci fuskar da aka goge kamar madubi, ta yi jawur. Na ɗauko soson ƙarfe na dirje iya ƙarfina. Tsatsar ta fita, lambar ma ta bi ta. Garin neman gira na rasa ido.

Da ya dawo ya juya ƙarfen sau biyu, ya zauna a ƙasa. Ya ce Litinin jami'in soja zai zo duba samfuran. In aka kore shi, tallafin karatu ya tafi, bizarmu ma a hannun makaranta take. Shekara uku yana wannan aiki.

Ranar Lahadi muka zauna neman mafita. Na ce ya ce musu ƙarfen faɗuwa ya yi, ya ce masana ƙarfe ne za su duba. Na ce to zan bi shi in faɗa musu ni ce.

"Ke ba ki sa hannu a komai ba," in ji shi. "Ni na sa."

Litinin a taga na wuni, duk jirgin ƙasan da ya tsaya sai na ƙirga masu saukowa. Bayan azahar ya shigo, babu katin shiga ɗakin gwaji a wuyansa. An cire shi daga aikin. Zai sake sabon bincike, in masu tallafin sun yarda su ƙara masa shekara.

Na tsaya ina jiran faɗa, har na tanadi amsa, don ni ma ina da ta cewa. Ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya tambaye ni ko akwai abinci. Har yau bai ce mini uffan a kan ƙarfen ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.