Yatsu Biyar na Adda a Bangon Kawu Lado

Duk wanda ya san Roni ya san Kawu Lado mai fenti. Shekara talatin yana sana'ar, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa ganin tabo ko layin rola a bangon da ya shafa ba. Sai ya goge bango da sanfefa, ya share ƙurar da tsumma, sannan ya tsoma rola ya tsane ta a faranti. Ba ya dannawa. "Rola ba taɓarya ba ce," in ji shi, "lallaɓa ta ake yi." Kuma in ya fara bango ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe, ko sallama aka yi masa, don in gefe ya bushe kafin a haɗa shi da na kusa, layi zai fito.

Ya daɗe da gane halin mutanenmu: ka ce fenti bai bushe ba, sai an sa yatsa an gani. Saboda haka kullum yakan shafa wa wani guntun katako fenti ya jingine a ƙofa, ya ce, "Mai ƙaiƙayin hannu, ga naka."

Da bikin 'yarsa Bahijja ya zo, shi ya tafi Kazaure, garin ango, ya yi wa ɗakinta fenti ruwan madara. Yana gama shafi na biyu sai ga mata 'yan jere, masu shirya kayan amarya, yayarsa Adda a gaba, hannunta ɗaure da lalle tun safe, ta kwance shi a mota.

"Adda, don Allah ga katako," ya ce.

"Ni za ka ba katako, Lado? Ni da na goya ka?" Ta wuce shi ta dafa bango. "Kai, ashe da gaske ɗanye ne."

Yatsu biyar, jajaye, daidai tsakiya. Kawu ya dubi bango ya dubi yayarsa. Faci ba ya ɓoyuwa, sai dai a sake bangon gaba ɗaya, ga dangin ango za su zo ganin ɗaki da la'asar. Sunan shekara talatin na shirin zubewa, kuma ba a yi wa Adda faɗa.

Sai ya yi murmushi. "Ba komai, Adda. Zan gaya musu tambarin uwar amarya ne. Har sunanki zan rubuta a ƙasa, kada a ce na wata ne."

"Ka rubuta me? A gidan surukai?"

"Da burushi ƙarami. Rubutuna yana da kyau."

Adda ta ɗaure gyale a ƙugu. Ita da kanta ta sa kafaɗa aka tura kabet ɗin kwanuka ya rufe wurin, ko da yake ya cinye rabin taga. Ta juyo ta ce wa matan, "Duk wadda ta ga wani abu, ba ta gani ba." Dangin ango suka zo suna bin bango da kallo, suna cewa, "Sumul, kamar ƙwai!"

Yau shekara shida ke nan kabet yana nan. Duk zuwan Adda Kazaure sai ta ce wa Bahijja wurin ya dace da shi, kada a matsar. Duk ranar da Kawu ya ce, "Adda, ɗakin Bahijja ba ya samun iska," washegari sai ga ƙwaryar fura har gida.

Abin da Adda ba ta sani ba, bayan gama biki da mako guda Kawu ya koma da rolarsa, ya janye kabet, ya sake bangon tas, ya mayar da kabet inda yake. Bahijja ta tambaye shi yaushe zai gaya mata.

"Ke dai bari," ya ce. "Furar Adda da nono mai kyau take zuwa."